Damagaram: Birnin Da Ƙishirwa Ta Raba Da Kujerar Mulki

A ƙarshen shekarar 1926 Turawan Faransa suka kwashe ofisoshin mulkin ƙasar Nijar daga Zinder suka mayar da su Yamai. A wancan lokaci Zinder birni ne mai ganuwa da fada da kasuwa, mai malamai da attajiran da ke hulɗa da Kano da Tarabulus. Yamai kuwa 'yan ƙauyuka ne a bakin kogi da ɗan barikin soja. An kawo dalilai da dama na wannan ƙaura, wasu na gaskiya, wasu na siyasa, amma akwai guda ɗaya da ko mutanen garin ba su iya musantawa: Zinder ba ta da isasshen ruwan sha.

Yau kusan shekara 100 ke nan da faruwar haka. Garin, wanda mu a Nijeriya muka fi sani da Damagaram, ya samu kwalta da lantarki da babban asibiti da filin jirgin sama da jami'a, har da matatar mai a kusa da shi. Duk da haka in bazara ta kama, hirar da ake yi a ƙofar gidaje ita ce wadda kakanni suka yi: yau ruwa ya zo ko bai zo ba? Wanda duk ke son ya san yadda jin daɗin zama a matsakaicin birni ke samuwa, da yadda yake kuɓucewa, ya bi tarihin ruwan Damagaram.

Garin da aka ɗora a kan dutse

Daga Kano zuwa Zinder kimanin kilomita 240 ne, ko ta Daura da Matamaye, ko ta Ɓaɓura da Magarya. Abin da baƙo zai fara gani idan ya doshi garin shi ne manyan duwatsu, wasu a kan wasu, har cikin unguwanni. Waɗannan duwatsu su ne kan wani shimfiɗaɗɗen fa da ke kwance a ƙarƙashin garin. Ƙasar da ke da rairayi mai zurfi tana shanye ruwan sama ta ajiye shi, mai haƙa rijiya ya je ya tarar. Fa ba ya ajiyar ruwa sai ɗan abin da ya maƙale a tsagoginsa da kwaruruwan da ke tsakanin duwatsu. Ga shi kuma damina a wannan yanki gajeruwa ce, wata uku ne zuwa huɗu, ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba. Babu kogi. Karin maganar nan da ke cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, a Zinder ba kullum take cika ba.

To me ya sa aka kafa gari a irin wannan wuri? Saboda abin da masu kafa shi ke nema a lokacin dabam ne. Gidan sarautar Damagaram ya taso ne a ƙarni na 18 daga wani malami da ya fito daga wajen Barno, kuma sarakunan farko sun yi ta sauya mazauni suna biyan gaisuwa ga Barno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya zaunar da sarautar a Zinder. Duwatsun kariya ne daga mahara. Wurin kuma mahaɗa ce: hanyar Agadas da Gat da Tarabulus ta arewa, hanyar Kukawa ta gabas, hanyar Kano da Katsina ta kudu da yamma.

Ruwan ma a lokacin bai gaza ba. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya sauka a Zinder a ƙarshen Disamban 1852, ya zauna har ƙarshen Janairun 1853 yana jiran kayansa daga arewa. A bayaninsa ya ambaci yadda ruwa ke taruwa kusa da sama a gindin duwatsun, har ana noman taba, ga kuma itatuwan dabino nan da can. Wato dutsen da ke hana ruwa nutsewa shi ne ke tara shi a 'yan wurare. Wannan ya ishi gari mai mutane 'yan dubbai da dabbobinsu da ayarin da ke sauka lokaci zuwa lokaci. Matsalar ta fara ne ranar da garin ya fi ƙarfin rijiyoyinsa.

Zamanin Tanimu

Damagaram ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya yi doguwar sarauta daga shekarun 1850 har zuwa rasuwarsa a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa mai kauri. Ya tara bindigogi daga Tarabulus, ya sa maƙera suna zuba masa igwa a cikin gari, ana kuma haɗa albarushi. A waje da ganuwa, ta arewa, akwai Zango, inda Buzaye da Larabawa da fataken Hausa ke sauka. Sannu a hankali Zango ya zama gari na biyu, da gidajen ƙasa masu zanen ado a fuska, irin wanda har yanzu ake zuwa kallo. Daga cikin attajiran da suka yi suna a can a ƙarshen ƙarnin akwai Malam Yaro, wanda harkarsa ta kai har gaɓar Bahar Rum.

Idan aka auna da ma'aunin wancan zamani, mazaunin Birni yana da abubuwan da ake nema a gari: tsaro, kasuwa, masallacin Juma'a, makarantun allo da zaurukan ilimi, alƙali, da sana'o'i irin su jima da dukanci da rini da ƙira. Gishiri da kanwa na shigowa daga Bilma da ƙasar Manga, fata da gashin jimina na fita zuwa arewa. Amma kada a manta cewa babban ɓangare na wannan arziki a kan bayi ya tsaya. Yaƙe-yaƙen da ake kai wa maƙwabta su ke cika kasuwa da mutane, kuma bayi da mata su ke ɗaukar aikin da ya fi wahala, har da jigilar ruwa. Jin daɗin mai gida a Birni ya rataya ne a wuyan wanda ke ɗauko masa tulu. Wannan tsari na wani ya sha da gumin wani ya sauya kama sau da yawa, amma bai bar garin ba.

Babban birni na shekara goma sha biyar

A watan Mayun 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kaftin Kazamaju, a Zinder a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, sarkin da ya yi ta gwabzawa da Kano a zamanin Sarki Alu. A ƙarshen Yulin 1899 rundunar Faransa ta ci dakarun Damagaram a Tirmini, yamma da garin, ta shiga Birni. Ba a daɗe ba aka kashe Kuran Daga. Turawa suka gina bariki a kan tudun duwatsu suka sa masa sunan Kazamaju, suka naɗa Amadu Ɗan Basa. A 1906 suka zarge shi da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi gudun hijira ƙasar Kwaddibuwa, gidan sarauta bai koma hannun masu shi ba sai a 1923.

Duk da wannan rashin yarda, a 1911 Faransawa suka mayar da hedikwatar yankin sojan Nijar zuwa Zinder, kuma a nan take lokacin da aka mai da yankin cikakkiyar ƙasar mulkin mallaka a 1922. Tsakanin Birni da Zango aka yanka unguwar Turawa, da ofisoshi da gidan waya da kantuna. Sai dai a shekarar da Zinder ta samu wannan matsayi ne ƙafafun tattalin arzikinta suka fara karyewa. A 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, a daidai lokacin kuma layin dogo ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ɗaukowa ta Sahara sai ga shi jirgin ƙasa na kawowa cikin kwanaki. Zinder ta tashi daga matsayin ƙofar Sahara ta koma ƙauyen Kano ta fuskar ciniki.

Wannan ya ƙara wa Faransawa damuwa. Babban birninsu yana kallon ƙasar Ingilishi ne: wasiƙa da kaya da ma'aikata sun fi saurin isowa ta Kano, kuɗin Ingila na yawo a kasuwa, malamai da attajirai suna da 'yan'uwa a ƙetaren iyaka. Gwamna Jules Brévié ya ga ya fi masa kwanciyar hankali ya zauna a yamma, kusa da sauran ƙasashen Faransa, a bakin Kogin Kwara, wanda mutanen can ke kira Isa. Har gobe akwai Damagarawan da ke cewa maganar ruwa fakewa ce kawai, tsoron Hausawa da Kano ne ainihin dalili. Akwai gaskiya a wannan zance. Amma mai neman dalili ya samu dalili a shirye, domin rijiyoyin da suka ishi garin Tanimu ba su ishi gari da bariki da unguwar Turawa ba.

Ya kamata a kwatanta da Kano a nan. Ita ma a kan irin wannan fa take zaune, ita ma ta sha fama da rijiyoyi da kududdufai. Bambancin shi ne Kano tana da Kogin Challawa a kusa, tana kuma da baitulmali mai ƙarfi, shi ya sa a farkon shekarun 1930 ta samu ruwan famfo da lantarki. Zinder ba ta da kogi, kuma daga 1926 ba ta da gwamnan da zai ji ƙishirwa tare da ita. Manyan makarantu da asibitoci da gine-ginen da aka yi daga baya, Yamai aka fara yi wa, mai nisan kusan kilomita 900.

Gyaɗa, fari da cikar gari

Abin da ya riƙe yankin bayan tafiyar hedikwata shi ne gyaɗa. Ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya ta zama rumbun gyaɗar Nijar, ana saye ana turawa Kano a hau jirgi. A shekarun 1950 Faransawa suka ƙirƙiro wani shiri na karkatar da ita ta Paraku zuwa tashar ruwan Kwatano don kada ribar sufuri ta tafi Nijeriya. Bayan samun 'yancin kai a 1960 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA ya riƙe cinikin. Kuɗin gyaɗa ya gina gidaje, ya sayi motoci, ya kai mutane Makka.

Sai fari ya zo. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974 damina ta yi ta gazawa, aka sake maimaitawa a 1984. Gyaɗa ta faɗi ba ta sake tashi kamar da ba. Manoma da makiyayan da suka rasa komai suka nufo gari, da yawansu kuma ba su koma ba. Ƙidayar jama'a ta nuna yadda abin ya kasance: kusan mutum 54,000 a 1977, kimanin 120,000 a 1988, sama da 170,000 a 2001, sama da 235,000 a 2012. Cikin shekara 35 garin ya ninka fiye da sau huɗu, alhali ƙasar da yake zaune a kai ba ta ƙara ko ɗigo ba.

Saboda haka tarihin ruwan Zinder ya zama tarihin nisa. Da farko rijiyoyin cikin gari da tafkuna. Tun zamanin Turawa aka fita kudu, zuwa kwarin Gogo, daga baya aka haɗa da Machaya, inda rairayi ke riƙe ruwan damina, aka janyo shi da bututu. Da wannan ya kasa, aka juya arewa zuwa Arunguza, inda fa ke nutsewa ƙasa, ruwa ke kwance cikin dutsen yashi mai zurfi. Da wannan ma ya kasa, a shekarun 2010 aka ƙara gaba zuwa Ganaram, wadda ta fi su nisa duka. Kowane sabon aiki ana buɗe shi da biki da jawabin cewa matsala ta ƙare. Takan yi sauƙi na 'yan shekaru. Kafin a ankara sababbin unguwanni sun tsiro, an koma gidan jiya.

Nisa kuwa yana da tsada. Ruwan da aka ɗauko daga can ƙarƙashin ƙasa ko daga nisan tafiyar yini a ƙafa sai da injin turawa, inji sai da wuta, bututu sai da gyara. A 2001 gwamnati ta raba harkar ruwan birane gida biyu: kamfanin SPEN na gwamnati ya riƙe kadarori da manyan ayyuka, SEEN mai hannun jarin Faransawa ya riƙe rarrabawa da karɓar kuɗi, har zuwa lokacin da gwamnatin soja ta maye gurbinsa da kamfanin ƙasa a farkon 2024. Sunaye sun sauya a kan takardar biyan kuɗi, amma dokar ruwa ba ta sauya ba: in ya yi kaɗan a bututu, unguwar da ke kwari ke samu, ta kan tudu da ta bakin gari sai tsakar dare, ko kuma shiru.

Nan ne 'yan ga-ruwa ke shigowa, da kurarsu da jarkokinsu, waɗanda a can ake ce wa bido. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, su ne bututun talaka. Kuma a nan ake ganin rashin adalcin da ya fi kowane ciwo: mai famfo a gida da tankin ajiya yana biyan kuɗi kaɗan a kan kowace lita, wanda ba shi da famfo yana biyan ninkin haka. Yarinyar da ta kwana a layin famfo ba za ta yi karatun kirki da safe ba. Mai jego da majinyaci da mai sayar da abinci da majemi, kowa da yadda rashin ke cin sa. Abin mamaki, Mirya mai nisan kilomita 18 kacal tana da lambuna kore shar, domin ita a kan kwari take.

Mai ya iso kafin ruwa

Ba za a ce ba a yi wa Damagaram komai ba. Hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta haɗa ta da Maraɗi da Yamai ta yamma, da Difa ta gabas. Akwai babban asibitin ƙasa da ke karɓar marasa lafiya daga jihar baki ɗaya. Ɗan garin, Mahamane Ousmane, ya zama shugaban ƙasa a zaɓen 1993 har zuwa juyin mulkin 1996. A 2006 Zinder ce ta fara karɓar bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba da aka mayar na karɓa-karɓa tsakanin jihohi, ta sake karɓa a 2018 ƙarƙashin shirin Zinder Sabuwa, inda aka shimfiɗa tituna, aka sa fitilu, aka gyara gine-gine. A 2010 aka kafa jami'a, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin da ya rubuta littafi a kan Damagaram ta ƙarni na 19.

Mafi girma duka ita ce matatar mai ta SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da gari a kan hanyar Tanut. An aza harsashinta a 2008 a zamanin Tandja Mamadou, aka buɗe ta a Nuwamban 2011. Tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, gwamnatin Nijar kashi 40. Ɗanyen man yana zuwa ne daga Agadem ta bututu mai tsawon sama da kilomita 400 a cikin hamada. Cikin shekara uku aka gama wannan aiki. Mutanen Damagaram ba su buƙatar wanda zai yi musu lissafi: in ana iya janyo mai daga wannan nisa cikin shekara uku, to rashin ruwa na shekara da shekaru ba laifin dutse kaɗai ba ne. Mai yana da mai saye a waje wanda zai zuba jari. Ruwan talaka sai gwamnatin da ta sa shi a gaba.

Haka kuma ba kowace unguwa fitilun biki suka haska ba. Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin kutare ne da waɗanda gari ya ƙi, ta daɗe a bayan layi wajen makaranta da aikin yi da famfo. A can da makamantanta ne ƙungiyoyin matasan da ake kira pale suka yi ƙarfi, wasunsu na rayuwa da fasa dutse, wasu da sumogar fetur daga Nijeriya. Aicha Macky, 'yar garin, ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta mai suna Zinder na 2021.

Shekarun baya-bayan nan sun tona yadda komai ke rataye da komai. Wutar da Maraɗi da Zinder ke sha wani ɓangarenta daga Katsina take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta yanke wutar ta kuma rufe iyaka bisa takunkumin ECOWAS, ba a janye ba sai a farkon 2024. A garin da ruwansa ke tafiya da inji, ɗauke wuta ɗauke ruwa ne, rufe iyaka kuma tsadar abinci ce da magani. Sannan a daminar 2024, wadda ta hallaka sama da mutum 300 a faɗin Nijar, ruwan sama ya rusa tsohon masallacin ƙasa na Birni a ranar 3 ga Satumba, ginin da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Dutsen da ke hana ruwa zama a ƙasa shi ne ke koro shi cikin lunguna. Gari guda, ƙishirwa a Afrilu, ambaliya a Agusta da Satumba, domin magudanai da madatsan da za su kama ruwan damina su ajiye shi ba su kai girman garin ba.

Abin da ya saura

Da duk wannan, Damagarawa ba su guje wa garinsu ba, kuma baƙon da ya zauna cikinsu yakan gane dalili. Kasuwar Dole na cika ranar Alhamis. Fadar Sarki na nan da dogarai da algaita, hawan salla da hawan ƙaho na tara jama'a. Dukawa na ɗinki, matasa na dafa shayi a fadojinsu har dare, gari bai yi girman da mutum zai ɓata a cikinsa ba, maƙwabci ya san maƙwabci. Wanda famfonsa ya kawo yakan buɗe ƙofa maƙwabta su ɗiba. Wannan zumunci shi ya toshe ramukan da hukuma ta bari, amma bai kamata a mai da shi hujjar barin su ba.

Darasin bai tsaya a ƙetaren iyaka ba. Katsina da Gusau da Dutse da unguwannin bayan Kano duk suna cika da mutane fiye da yadda bututunsu ke tsawo, kowa na haƙa burtsatse a gidansa, ruwan ƙasa na ƙara nisa, kurar ɗan ga-ruwa ta zama abin da ido ya saba da shi. Mu ma mun iya murnar gadar sama da shataletale da fitilun titi, domin su ake gani a hoto. Damagaram ta rasa kujerar mulki a 1926, ta samu matata a 2011, kuma a tsakanin nan abin da ya fi shafar rayuwar mai ƙaramin ƙarfi shi ne nisan da ke tsakanin randarsa da inda ruwa yake. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, in akwai shi a randar.